Dokin da Ba a Ba Kowa

Daga gida,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya fama da marasa lafiya? Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan lafiya, sai wani abu guda da zan zo kansa a ƙarshe.

Kin ce in riƙa rubuto miki da hannu, tunda wayar gidan ta Mama ce, kuma kin san ni, idan aka miƙo min waya ban da "lafiya lau" ba abin da ke fita daga bakina. Kin kuma ɗora min aiki kafin ki tafi, cewa in sa ido a kan Injiniya in gaya miki gaskiyar halinsa kafin ki dawo a tsayar da ranar aurenku, domin ke a waya kika fi saninsa. Ban manta ba. Jiya na wuni tare da shi, domin ya kai ni da Mama yawon hawan doki a hamada.

Kada ki yi dariya. Mama ce a kan doki. Ya zo ne da wata takardar talla mai sheƙi, wai yana so ya fitar da surukarsa ta sha iska. Mama ta ce ita ko jaki ba ta taɓa hawa ba. Ya ce ai shi cikin dawakai ya tashi, muddin yana wurin ba abin da zai taɓa ta. Kunya ta hana ta ƙi.

Yaya, da ma kin ga takardar nan. Fararen dawakai, tanti da darduma, mutane suna murmushi kamar an yi musu albishir. Da muka isa, sai ga wata rumfar kwano a bayan gidan mai. An yanka ganga biyu an zuba ruwan da ya yi kore, ƙudaje kuwa sun riga mu biyan kuɗin shiga. Dawakan suna tsaye kansu a ƙasa, kamar masu jiran ganin likita a asibitinku. Aka ba kowa hular kwano. Tawa tana warin zufar mutanen da ban sani ba, igiyarta kuma an ɗinke ta da zaren buhu. Haka na sa ta.

Sai jagoran ya fito. Ya naɗa rawani mai girman kwandon wanki, ga 'yar takardar kanti tana reto a bayan kunnensa, bai ma cire ba. Ya sa baƙin tabarau, wanda bai cire ba har muka rabu, don haka a raina na sa masa suna Mai Tabarau. Mama ta zama "uwata", ni na zama "ƙanwata ta kaina", duk wani namiji kuwa "yallaɓai". Wai shi a tsakiyar hamada aka haife shi, taurari ne agogonsa, iska ce taswirarsa. Yana cikin faɗa waya ta yi ƙara a cikin rawanin, ya tura hannu ya zaro ta, ya tambayi wani ko su waye suka ci ƙwallon jiya.

Ga abin da na gani da idona. Kin san ba na son tsayawa cikin mutane, don haka na raɓe a bayan gangar ruwa. Sai Mai Tabarau ya jawo Injiniya gefe, dab da inda nake, ya sassauta murya. Wai wannan jan dokin sunansa Guguwa, ba kowa yake ba shi ba, amma daga ganin tafiyar yallaɓai ya san gwani ne. Injiniya ya gyara tsayuwa, ya shafa wuyan dokin da yatsa biyu, daga nesa. Ba a jima ba Mai Tabarau ya jawo wani ɗan kasuwa mai tumbi zuwa wuri ɗaya, ya nuna masa wani doki dabam, ya maimaita masa maganar nan ba ragi ba ƙari, har da sunan Guguwa. Bayansa ya jawo wani siririn saurayi, shi ma Guguwa. Mu mata kuwa kowacce aka ba ta goɗiya aka ce wannan ko jariri za ta goya.

Muka tashi a jere, hancin wannan a wutsiyar wancan. Mai Tabarau yana gaba, sai Mama, sai Injiniya, sai ni, sauran suna baya. Ya ce kowa ya tsaya a inda aka sa shi, amma bai faɗi dalili ba, domin hankalinsa yana kan waya. Nan da nan na gane cewa linzamin da ke hannuna ado ne. Ko na ja dama ko na ja hagu, goɗiyata wutsiyar gabanta take bi. Dabbobin nan sun san hanyar fiye da mai rawanin, da za a ɗora musu buhunan gawayi haka za su kai su su dawo da su.

Ya tsayar da mu a gaban wasu duwatsu ya ce nan ne zangon fataken zamanin da. Yaya, da siminti a jikinsu, har da guntun rodi. Da malamarmu ta tarihi tana wurin da ta ba shi sifili ta kuma sa ya share aji. Mutane suka yi ta ɗaukar hoto suna jinjina kai.

Amma dole in yi adalci. Akwai inda muka kai turakun lantarki suka ɓace, ƙarar motoci ta ɗauke, Mai Tabarau ma ya rasa sabis ya yi shiru. Ba ka jin komai sai numfashin dawakai da kukan sirdi. Yashin ya yi launin da ban san sunansa ba, tudu bayan tudu, ba sawun kowa. Goɗiyata tana juyo da kunne ɗaya idan na yi mata magana a hankali, kuma na yi mata magana fiye da yadda na yi wa kowa a makon nan. Mama, wadda ta hau tana salati ta riƙe sirdi da hannu biyu, sai na ji tana dariya. Irin dariyar nan da ba mu ƙara ji ba tun rasuwar Baba. Har ta waiwayo ta ce in dube ta, ta saki hannu ɗaya. Wannan kam ba ƙaryar kowa a ciki.

Abin da na ce zan zo kansa shi ne, a hanyar dawowa Mama ta faɗo. Ƙashin wuyan hannunta na dama ya tsage, an sa mata filasta. Kada hankalinki ya tashi, tana cin abinci tana barci. Ta ce ita za ta ba ki labarin da bakinta. Ni nake girki da wanki yanzu, kuma ba wanda ya mutu tukuna.

Mama tana gaishe ki, maƙwabciyarmu mai ɗinki ma haka. Ki kula da kanki.

Taki har kullum,
Auta.


Daga gida,
Ranar Talata.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa, da fatan kin tashi lafiya, aiki kuma yana sauƙi. Hannun Mama ya rage kumburi, sai ƙaiƙayi da yake damunta a cikin filastar, tana sosawa da tsinken saƙa idan ta ga ba na kallo.

Takardarki ta iso hannuna ta wajen direban motar asibitinku. Na karanta ta a ɗaki, na kuma karanta ta a kicin. Kin ce na cika miki shafi da rawani da ƙudaje, amma abin da kika aike ni ban ce uffan a kai ba. Gaskiyarki. Kin kuma ce Injiniya ya gaya miki a waya cewa sakacin jagoran ne ya sa goɗiyar Mama ta zabura, shi kuma ya bi ta da sukuwa ya kama linzaminta, ba don haka ba da abin ya fi haka muni. Kin tambaye ni me ya sa na ɓoye miki wannan jarumtaka.

Yaya, ban ɓoye ba. Ba ta faru ba ne.

Tun a daren da muka dawo Mama ta kira ni ta ce in kama bakina, kada in ɓata wa yayata al'amari da surutun yara, namiji duk haka yake, hannu kuma zai warke. Shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye a waccan takardar. Amma ke kika aike ni, kuma ke za ki zauna da shi, ba Mama ba. Ga yadda aka yi.

Da rana ta yi sanyi muka juyo, muka hau wani dogon tudu. Injiniya ya fara ƙorafi cewa duk hotunan da ya ɗauka bayan Mama ne a ciki, shi kuma yana so ya aiko miki da wanda yake gaba yana sukuwa. Ya ɗaga murya ya tambayi Mai Tabarau ko zai iya wucewa. Shi kuwa sabis ya dawo masa, ko waiwayowa bai yi ba, ya ce ai gwani irin yallaɓai ba a koya masa, amma a bari a sauka gangara. Injiniya ya ji rabin farko, rabin ƙarshe ya bar wa iska. Ya cire hular kwanon ya rataye ta a sirdi, wai tana ɓata masa fuska. Ya ɗaga waya sama da hannu ɗaya, ya shiga dukan cikin dokin da dugadugansa, yana zabga masa bakin linzami.

Da farko Guguwar tasa ko motsi ba ta ƙara ba. Da dukan ya yi yawa sai dokin ya kutsa ta gefen goɗiyar Mama, har gwiwar Injiniya ta bugi tata. A lokacin ne Mai Tabarau ya tuna da abin da ya kamata ya faɗa tun a rumfa, ya kama ihu cewa waɗannan biyun ba sa shiri, kada a haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Goɗiyar ta kwantar da kunnuwa, ta kai harbi, ta yi tsalle gefe. Mama ta tafi ƙasa a kan hannunta. Na ji ƙarar, kuma har yanzu ina jin ta idan na rufe ido.

Gwanin kuwa, sukuwar tasa ba ta kai tsawon tsakar gidanmu ba. Dokin ya yi taku kaɗan ya tsaya cak, Injiniya ya rungume wuyansa, ya zame a hankali ta gefe kamar jiƙaƙƙen zane daga igiya, ya zauna a yashi. Dokin ya dube shi, ya koma wurinsa a layi da kansa.

Ni ƙafata ta maƙale a likkafa, na daɗe ina kokawa kafin in sauka, goɗiyata kuma ta tare min gani. Da na zagayo, matar ɗan kasuwar nan ce ta tallafe Mama tana ba ta ruwa. Injiniya yana tsaye yana hure yashi daga wayarsa, yana zagin Mai Tabarau. Mai Tabarau yana rantsuwa cewa uwata ce ta ja linzami da ƙarfi. Maza biyu a tsaye a kan mace tana riƙe da hannunta, kowa yana neman inda zai ajiye laifi. Ban san wanda na fi raina ba a cikinsu.

A mota ya so ya saki fuska, sai ya ce wataƙila goɗiyar ce ta gaji da kaya ta sauke. Ya yi dariya, ya dubi madubi yana jiran tamu. Mama ta taya shi, leɓunanta sun yi fari. Ni na kalli taga.

A asibiti ya gaya wa likita cewa dabbar ce ta firgita haka kawai. Wajen karɓar magani ya gaya wa wani mutum cewa shi ya fara hango haɗarin. Kafin mu iso ƙofar gida, a labarin nasa ya riga ya bi goɗiyar da sukuwa, maƙwabciyarmu mai ɗinki tana sa masa albarka. Ina zaune labarin yana kumbura a gabana kamar an zuba masa yis. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ba ya kama da mai ƙarya idan yana faɗa. Ina jin ya yarda da kansa.

Don adalci, shi ya kai mu asibiti, bai bar mu ba har aka gama, kuma kullum yana zuwa da lemo da ayaba. Sai dai ba ya zuwa sai lokacin da ya san akwai baƙi a falo.

Na san wannan takarda za ta yi miki ɗaci. Idan na yi rashin kunya ki yafe min, ba ni da wata yayar sai ke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta.


Daga gida,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta abokan aikinki, ina fatan takardata ta biyu ta same ki. Ban ga amsa ba, amma na ji ki a waya da Mama shekaranjiya. Ba laɓe na yi ba, muryarki ce take fita har kicin. Na ji kin ce Auta yarinya ce, littattafai sun cika mata kai, tana ganin abin da babu. Na ci gaba da yanka albasa, kuma ta yi min amfani.

Jiya wani abu ya faru wanda gara ki ji shi daga wurina. Injiniya ya zo da safe ya ce zai kai ƙarar jagoran wurin mai kamfanin, sai an kore shi daga aiki, kuma ni zan bi shi in ba da shaida. A hanya ya koya min abin da zan ce, cewa na ga jagoran ya tsula wa goɗiyar Mama bulala. Yaya, mutumin nan ko bulala ba ya riƙewa, hannunsa ɗaya waya ɗaya rawani. Kafin mu fita Mama ta ce in bi shi, in faɗi abin da ya ce, in dawo.

Ofishin wani ɗan ɗaki ne a gefen rumfar, da fanka mai kai ɗaya da ba ta juyawa. An manna hoton fararen dawakan nan a bango, rana ta cinye shi har sun zama shuɗaye. Mai kamfanin wata mata ce mai jiki, tana cin gyaɗa tana zuba ɓawon a cikin hular kwano. Aka kira Mai Tabarau. Ya shigo ba rawani ba tabarau, da ƙyar na gane shi. Ashe ɗan ƙaramin mutum ne mai sanƙo, idanunsa suna ƙyafƙyaf kamar na wanda aka tasa daga barci. Yau ba "yallaɓai", sai "wannan mutumin".

Suka yi ta musu. Injiniya yana buga tebur yana cewa a san da wa ake magana. Mai Tabarau yana cewa shi shekara da shekaru ko kaza ba ta taɓa faɗowa a hannunsa ba, tsohuwar ce ba ta jin magana. Matar ta bar su har suka gaji, sannan ta nuna ni da ɓawon gyaɗa ta ce, ke 'yar makaranta, me kika gani.

Na buɗe baki ba abin da ya fito. Kin san yadda nake yi idan malami ya tashe ni a aji. Injiniya ya ce in yi magana mana, ai mun gama wannan a mota. Ina jin wannan maganar ce ta taimake ni. Na kafa idona a kan fankar, na faɗi komai kamar ina karanta hadda. Na ce ba a yi bulala ba. Na ce Injiniya ne ya fita daga layi don hoto. Na ce Mama ba ta ja komai ba. Na ce jagoran bai gaya wa kowa cewa dabbobin nan biyu ba sa shiri ba sai da aikin gama ya gama, domin yana kan waya. Da na ga na riga na shiga ruwa, sai na ƙara da zancen Guguwa, yadda ya raba sunan ga kowane namiji a bayan gangar ruwa.

Matar ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. Ta ce jan dokin nan ai shi ake ɗora wa yara da masu ciwon baya, ya tsufa har haƙoransa sun fara zubewa.

Yaya, ki saurari wannan da kyau. Na tsaya a gaban mutane na ce mijin da za ki aura ya yi ƙarya, kuma shi ya jawo karayar Mama. Na zaci nan zai fashe, ko ya sunkuyar da kai. Ko ɗaya bai yi ba. Sai ya juya wurin Mai Tabarau ya tambaye shi wai har mai tumbin nan ma an ce masa gwani ne. Abin da ya shige shi ke nan. Duk zaman nan sunan Mama bai fito daga bakinsa ba sai a matsayin hujja.

Matar ta ce wa Mai Tabarau daga yau zai bar wayarsa a ofis idan zai fita da mutane, ta ce wa Injiniya ya gaida gida. Da muka fito Mai Tabarau ya biyo ni yana cewa ƙanwata ta kaina, Allah ya yi miki albarka, duk ranar da kika dawo zan ba ki dokin da ba na ba kowa. Ban ko dube shi ba.

Da muka iso gida Injiniya ya gaya wa Mama cewa ba ni da tarbiyya, na tozarta shi a gaban 'yan tasha, kuma zai yi magana da ke a kan irin tarbiyyar gidan da zai shiga. Mama ta ba shi haƙuri, ta raka shi har ƙofa da hannunta a rataye. Tun daga lokacin ba ta yi min magana ba. Idan na ajiye abinci ta ci, idan na gaishe ta ta ɗaga kai.

Ban san ko na yi daidai ba. Na dai san abin da na gani. Ko kin yarda ko ba ki yarda ba, ina nan ina ƙaunarki.

Taki,
Auta.


Daga gida,
Ranar Laraba.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kina kuma samun hutu ko yaya ne. Wannan takarda gajeriya ce, kuma rabinta ba tawa ba ce.

Mama ta yi kwanaki ba ta ce min ci kanki ba. Amma hannun dama ba ya aiki, don haka dole ni nake taje mata kai in ɗaura mata ɗankwali. Haka muke yi kowace safiya, tana zaune a bakin gado, ina tsaye a bayanta.

Yau ina cikin tajewa sai ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, me da me na rubuta miki. Na gaya mata duka, ban rage ba, ina jiran faɗa. Na ci gaba da tajewa har na gama gefe ɗaya. Sannan ta ce ashe ban rubuta zancen wayar ba. Na ce na rubuta cewa na sami Injiniya yana hure mata yashi. Ta ce ba wannan ba, akwai abin da ban gani ba lokacin da nake kokawa da likkafa. Ta ce in ɗauko biro.

Ga abin da ta ce, yadda ta faɗe shi. Lokacin da ya bangaje ta, wayar ta kuɓuce daga hannunsa ta faɗi a yashi, ita kuma ta faɗo a kanta. Shi ne ya fara isowa wurinta, kafin matar ɗan kasuwar, kafin kowa. Ta ga inuwarsa a kanta, ta miƙa masa hannunta mai lafiya don ya ɗaga ta. Sai ya durƙusa ya ce, "Mama, ɗan gusa kaɗan." Ya ɗaga karyayyen hannun ya zaro wayarsa daga ƙarƙashinsa, ya sake shi, ya miƙe.

Ta ce ta yi ta gaya wa kanta cewa ruɗewa ce, mutum idan ya firgita ba ya sanin abin da yake yi. Ta ce ta so ta tafi da wannan a cikinta, domin ta ga yadda kike murna, kuma ta gaji da tambayar mutane yaushe ne bikin babbar. Amma kullum idan ya shigo da lemonsa ya ce yaya hannun, sai ta ga ke ce a kwance a yashin nan kina miƙa masa hannu.

Ta ce ba za ta zaɓa miki ba, ke ba yarinya ba ce. Ta ce dai ki nemi hutu ki zo gida, kada ki gaya masa ranar, ki zauna a gabanta ta maimaita miki da bakinta kina kallon idonta. Ta kuma ce in gaya miki Auta ba ta ganin abin da babu.

Na tambaye ta ko in sassauta kalmomin. Ta ce in bar su yadda suke, in zo in ƙarasa mata ɗaya gefen, kanta ya fara bushewa.

Muna jiran ki. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta.